Maki 29 a jami'a, benci a NBA: yadda ake gane wanda ya nuna da wanda yake ɗanye

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina bin gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka, kuma akwai abin da ke ɗaure min kai. Sai in ga yaro yana zuba maki 25 ko fiye a kowane wasa, har ya lashe kyautar gwarzon shekara, amma ranar zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a tsallake shi a ɗauki wanda bai fi maki 12 ba. Me suke dubawa? Ta yaya ake gane yaro ya isa shiga gasar ƙwararru?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ni ma abin ya taɓa ɗaure min kai, kuma Jimmer Fredette ne ya kwance min shi. A kakar da ta ƙare a 2011 yana jami'ar BYU, yana cin kusan maki 29 a kowane wasa, babu wanda ya kai shi a duk faɗin Amurka. Daga nesa yake sakin ƙwallo ta faɗa kwando kamar da hannu aka ajiye ta. Aka ɗauke shi na 10 a jerin zaɓen NBA, ya tafi ƙungiyar Sacramento. Bai taɓa samun gurbin dindindin a NBA ba, sai da ya je Shanghai a ƙasar Sin sannan ya koma zuba maki yadda ya saba. A wannan shekarar dai aka ɗauki Kawhi Leonard na 15, yaron da a shekaru biyunsa a San Diego State yake cin ɗaya kacal cikin jifa huɗu na maki uku. Shekara uku bayan haka shi ne gwarzon wasannin ƙarshe na NBA da San Antonio.

Abin da na koya daga nan, kuma har yau da shi nake fara kallon kowane yaro, tambaya ce guda: idan aka karɓe ƙwallon daga hannunsa, wane aiki ya rage masa a fili? A jami'a Fredette shi ne wuƙa shi ne nama. Koci ya gina komai a kansa, abokan wasansa huɗu aikinsu su buɗe masa hanya, kuma idan an koma tsaron gida a ɓoye shi a kan wanda ya fi kowa rauni. A NBA kowace ƙungiya tana da nata tauraron da ake biya miliyoyin daloli don ya riƙe ƙwallo. Sabon shiga ana ba shi minti goma ko sha biyar ne, a ce masa tsaya a kwana, idan ta zo ka jefa, idan mun koma baya ka riƙe mutuminka. Wanda ba zai iya wannan ƙaramin aikin ba, ba zai daɗe a fili har a ga babban aikin da ya iya ba.

Kafin mu yi nisa, ka lura wasannin biyu suna ɗaya suke ci, amma dokokinsu sun bambanta. Wasan jami'a minti 40 ne, na NBA 48. A jami'a ƙungiya na da daƙiƙa 30 kafin ta jefa, a NBA 24. Layin maki uku na jami'a yana nisan mita 6.75 tun kakar 2019 zuwa 2020, na NBA kuwa mita 7.24 ne idan ka cire kwana biyu, wato kusan rabin mita aka ƙara. Yaron jami'a yana buga wasa talatin da 'yan kai a shekara, na NBA 82 kafin a shiga zagayen fitar da gwani, wani lokaci yau a wannan gari gobe a wancan. Sai dokar da ta fi shafar dogaye: a NBA mai tsaron gida ba ya tsayawa a ƙarƙashin kwando fiye da daƙiƙa uku sai in yana maƙale da wani. A jami'a babu wannan doka, dogo yana iya kafa rumfa a gindin kwando ya yini yana kore ƙwallo.

Sai batun yawa. Jami'o'in da ke rukunin farko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sun haura 350, dubban yara ke nan. NBA ƙungiya 30 ce, gurbin zaɓe 60 a shekara, kuma cikin sittin ɗin akwai rabon 'yan Turai da sauran ƙasashe. Ma'ana yawancin waɗanda yaronka ya zuba wa maki 25 ba za su taɓa taka filin NBA ba ko da sau ɗaya. Shi ya sa idan na zauna kallon bidiyon yaro ba na ɓata lokaci a kan daren da ya ci maki 40 a hannun ƙaramar makaranta. Wasa uku ko huɗu nake nema, waɗanda ya haɗu da mai tsaron da ya fi shi tsawo kuma ya kai shi gudu. A nan ake ganin ko yana iya raba kansa da mutum ya samu sararin jifa, ko kuwa sai an yi masa katanga biyu, wato abokan wasansa sun tsaya sun tare masa mai tsaronsa, kafin ya ga kwando.

Mu fara da tsaron gida, don a nan yawancin gwarazan jami'a suke faɗuwa. Tambayar da masu farautar 'yan wasa suke yi wa juna ita ce, wa zai tsare? Babban kaso na wasan NBA na yau abu ɗaya ne: dogo ya zo ya tsaya ya yi wa mai ƙwallo katanga, mai ƙwallo ya zagaya shi, dogon ya gangara kwando ko ya fice waje. Ana yin haka ne don a tilasta wa wanda ya fi nauyin ƙafa a cikin abokan hamayya ya fito fili ya fuskanci wanda ya fi kowa sauri. Idan suka gano kai ne mai raunin, kai za su yi ta kira har sai kocinka ya gaji ya cire ka. Luka Garza ya lashe kyautar gwarzon jami'o'i a Iowa a 2021, amma na 52 aka ɗauke shi. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango ya lashe ta a Kentucky a 2022, yana cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando fiye da sau 15 a wasa, da ya shiga zaɓen 2023 ba wanda ya kira sunansa. Dukansu ba ragwaye ba ne. Shakkar da aka yi a kansu ita ce ƙafa: za su iya ja da baya suna fuskantar ɗan ƙaramin da ke zuwa a guje, su juya ƙugu ba tare da an wuce su ba? Saboda haka idan kana kallon dogo, ka bar hannunsa ka kalli ƙugunsa da dugadugansa.

Wannan ne ya sa ake auna jiki da tsanani a taron gwajin da NBA ke yi a Chicago duk watan Mayu. Ana cire takalmi a auna tsawo, don jami'o'i sun saba ƙara wa yaransu inci ɗaya ko biyu a takarda. Ana auna gaba, irin wadda ake auna igiya da ita, daga kan yatsan hannun dama zuwa na hagu idan an buɗe hannuwa. A wurina gaba ta fi tsawo muhimmanci, don da hannu ake tare ƙwallo ba da ƙoƙon kai ba. Draymond Green bai cika ƙafa 6 da inci 6 ba idan babu takalmi, amma gabarsa ta wuce ƙafa 7. Leonard gabarsa ƙafa 7 da inci 3. Amma kada ka ɗauki duk abin da aka auna a taron nan da nauyi ɗaya. A 2007 Kevin Durant ya kasa ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 84 ko da sau ɗaya yana kwance a benci, aka yi ta yi masa dariya ana cewa za a karya shi. Ƙarfin ƙirji ana samunsa a ɗakin motsa jiki cikin shekara biyu. Tsawon hannu kuwa sai wanda Allah ya ba.

Durant ya kawo mu ga shekaru. Ya ci kusan maki 26 a wasa a Texas yana ɗan shekara 18. Fredette ya ci nasa 29 ɗin yana ɗan 22. Lambobin sun yi kama, labarin ya sha bamban. Ɗan 22 da ya yi shekara huɗu a tsari ɗaya, jikinsa ya cika, yana wasa ne da yaran da suka baro sakandare jiya. Ɗan 18 da ya fi ƙarfin 'yan 22 ya nuna maka abin da ba a cika gani ba. Tun zaɓen 2006 dokar NBA ta ce sai yaro ya cika 19 a shekarar zaɓen kuma ya yi shekara ɗaya da gama sakandare, shi ya sa manyan hazikai suke leƙa jami'a kaka ɗaya su wuce. Don haka wanda ka gani a aji huɗu yana haskakawa, ka tuna tsararrakinsa da suka fi shi baiwa sun yi shekara uku da barin wurin. Wannan shi ne amsar rabin tambayarka. Yaron mai maki 12 sau da yawa ɗan 19 ne, ana sayen abin da zai zama yana 24.

Sai dai ni ina ganin ƙungiyoyi suna wuce gona da iri a nan. Green ya yi shekara huɗu a Michigan State, aka ce ya tsufa, ba shi da tsawon dogo ba shi da saurin gajere, aka bar shi har na 35 a 2012. Ya ci kofi huɗu da Golden State, ya zama gwarzon mai tsaron gida a 2017. Jalen Brunson ya ci kofin jami'o'i sau biyu da Villanova, 2016 da 2018, aka ce gajere ne ba ya tsalle, Dallas ta same shi a na 33. Ka ga yadda ya zama tauraro bayan ya koma ƙungiyar New York. Abin da waɗannan biyun suka haɗa shi ne saurin kai, kuma babu tef ɗin da ke auna shi.

Ga yadda nake auna shi. Nakan tsayar da bidiyo daidai lokacin da ƙwallo ta taɓa hannun yaro, in tambayi kaina ina ya kamata ta je, sannan in saki in ga tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya gano. Wanda ya nuna, kafin ta iso ya riga ya san inda za ta. Ɗanye sai ya kama, ya buga ta a ƙasa sau biyu, ya ɗaga kai, sannan ya fara tunani. A jami'a ƙofar da ta buɗe takan jira shi. A NBA masu dogayen hannuwa sun rufe ta tuni. Haka nan idan ba shi da ƙwallo: yana nuna wa abokinsa mutumin da ya sulale? Yana barin nasa ya kai ɗauki a kan lokaci ya dawo? Yawan satar ƙwallo da tare jifa a jami'a sukan ba da haske a kan wannan, domin wanda yake yawan kai hannu kan ƙwallo galibi yana hango wasa kafin ya faru. Amma a kalli bidiyon a tabbatar, don wani caca kawai yake yi, ya bar mutuminsa ya tafi neman suna.

Yanzu jifa, inda lambobi suka fi yaudarar mutane. Yaro a jami'a yakan jefa maki uku sau ɗari da 'yan kai a kaka guda. Wannan bai isa a yanke hukunci ba, ƙwallo shida ko bakwai da suka yi sa'ar faɗawa sun isa su mai da matsakaici gwani a takarda. Shi ya sa nake fara duba jifan kyauta, wanda ake ba ɗan wasa bayan an yi masa ƙeta. Nisansa ɗaya a jami'a da NBA, ba mai tsare ka, daga kai sai hannunka. Zaɓen 2017 ya isa misali. Markelle Fultz, na ɗaya, yana cin kashi 41 cikin ɗari na maki uku a Washington, amma jifan kyautarsa kashi 65. Lonzo Ball, na biyu, kashi 41 a UCLA, jifan kyauta 67. Jayson Tatum, na uku, kashi 34 kawai a Duke, amma jifan kyautarsa 85. Wanda ya kalli layin farko kaɗai zai ce Tatum ne mai matsalar jifa. Shi ne kuwa ya shiga NBA yana zubawa tun kakar farko. Adalci dai a faɗa, Fultz ya yi fama da ciwon jijiyar kafaɗa wanda ya lalata masa hannu, Ball kuma ya sake fasalin jifansa daga baya ya gyaru. Amma alamar tana nan tun farko ga mai son gani. Leonard ma da ake cewa ba ya jifa, jifan kyautarsa ya haura kashi 70, San Antonio ta ga akwai abin ginawa a kai, ta haɗa shi da kocin jifanta Chip Engelland, a kakarsa ta farko ya kusa kashi 38.

Bayan lamba sai yanayin sakin. Daga ina ƙwallon take barin hannu, gaban goshi ko gaban ƙirji? Yana iya jefawa yana cikin gudu, ko sai ya tsaya cak ya daidaita ƙafa? Stephen Curry siriri ne a Davidson, ƙaramar makaranta, har Minnesota ta ɗauki masu rarraba ƙwallo biyu a jere a 2009, na biyar da na shida, ta bar shi ya faɗa hannun Golden State a na bakwai. Amma duk wanda ya kalli gasar jami'o'i ta 2008 ya ga manyan makarantu sun sa masa mutum biyu, yana gudu ba ƙwallo yana zagaya katanga, yana saki kafin hannu ya iso. Bambancinsa da Fredette ke nan a idona: shi ko ba ƙwallo a hannunsa barazana ne.

Lafiya ba zan daɗe a kanta ba, don ni da kai ba ma ganin takardun likita, ƙungiyoyi ne ke gani. Portland ta ɗauki Greg Oden a gaban Durant a 2007, gwiwa ta hana shi buga kakar farko gaba ɗaya, wasa 82 kacal ya yi musu. Philadelphia ta ɗauki Joel Embiid ɗan Kamaru na uku a 2014 tana sane da karayar ƙafarsa, ya yi kaka biyu bai buga ba, a 2023 ya zama gwarzon gasar. Idan ka ga yaron da kowa ya yaba yana ta zamewa ƙasa ranar zaɓe ba dalili, galibi likitoci ne suka yi magana.

Akwai wani rukuni da ya fi shafarmu, wato yaran Afirka da suka fara wasan a makare. Hakeem Olajuwon a Legas ya tashi yana tsaron raga a ƙwallon ƙafa da wasan ƙwallon hannu, sai yana ɗan 15 ya fara kwando. Houston ta ɗauke shi na ɗaya a 1984, a gaban Michael Jordan, kuma har yau ba wanda ke zarginta, don ya kawo mata kofi a 1994 da 1995. Michael Olowokandi shi ma a Legas aka haife shi, shi ma a makare ya fara, Clippers ta ɗauke shi na ɗaya a 1998, ta bar Vince Carter da Dirk Nowitzki da Paul Pierce. Bai kai inda aka sa rai ba. Dukansu dogaye ne da aka ce yanzu suka fara. Amma Olajuwon ya kai jami'ar Houston zagayen huɗun ƙarshe sau uku a jere, kuma lokacin hutu yana gwabzawa da Moses Malone, ƙwararren da ya riga ya zama gwarzon NBA. An gwada shi da wuta kafin a saya. Olowokandi a jami'ar Pacific ya yi, inda ba kasafai yake haɗuwa da mai tsawonsa ba, kuma yana da shekara 23 lokacin zaɓen. Ga wanda ya fara a makare, abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin bidiyonsa na Nuwamba da na Maris. Idan a wata huɗu ya ƙara abu biyu ko uku da bai iya ba a da, kamar yadda aka gani ga Embiid a Kansas, to saurin koyonsa ake saye.

Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya kuma ya fara aikinsa a matsayin mai farautar 'yan wasa, ƙungiyar Toronto da yake jagoranta a lokacin ta nuna yadda ake cin ribar wannan ido. A 2016 ta ɗauki Pascal Siakam ɗan Douala na 27 daga New Mexico State, ta kuma kawo Fred VanVleet wanda ba a ma zaɓa ba. Siakam ya zo da aiki ɗaya da ya iya tun ranar farko: gudu daga kwando zuwa kwando ba gajiya, da tsare duk wanda aka ba shi. Wannan ya sama masa minti. Da aka ga sauran wasansa bai nuna ba, aka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Raptors 905, ya ci kofi da ita a 2017. A 2019 shi da VanVleet suna cikin waɗanda suka ɗauko wa Toronto kofin NBA. Ka ga a nan shirin yaro bai rabu da shirin gidan da ya faɗa ba. Da wata ƙungiyar ce mai gaggawa, da tuni an sallame shi.

Idan kuma tambayarka ta haɗa da ko yaro ya fita ko ya ƙara shekara a makaranta, lissafin ya canza. Wanda aka ɗauka a zagayen farko, cikin talatin na sama, yana da tabbacin albashin shekara biyu. Na zagaye na biyu ba shi da wannan tabbacin sai abin da wakilinsa ya iya cirowa, da yawa sukan ƙare da kwantiragin da ke raba su tsakanin NBA da ƙaramar gasarta ta G League. Tun Yulin 2021 kuma an halatta wa 'yan wasan jami'a samun kuɗi da sunansu da hotonsu, don haka zama a makaranta ya daina zama zaman talauci. Yaro yana iya shiga gwajin Chicago, ya ji ra'ayin ƙungiyoyi, ya janye kafin wa'adi ya koma aji. Haka Zach Edey na Purdue ya yi a 2023, dogo mai ƙafa 7 da inci 4 da ake yi wa irin shakkar da aka yi wa Garza. Ya koma ya gyara motsin ƙafarsa, ya sake lashe kyautar gwarzon shekara, Memphis ta ɗauke shi na tara a 2024. Shawarata ga mai irin wannan matsayi: idan abin da aka ce ya rage maka abu ne da ake koya, kamar jifa ko hannun hagu ko karanta wasa, kuma kocinka zai ba ka damar yin sa a fili, koma. Idan abin da ya rage tsawo ne ko gaba, ƙarin shekara ba abin da za ta ƙara maka sai shekaru.

In kana son gwada idonka, zaɓi yaron nan naka mai maki 25, ka nemo cikakken wasansa da makarantar da ta fi kowace ƙarfi a jadawalinsu, ba guntayen bidiyon da aka tace ba. Kalle shi sau biyu. A karo na biyu kada ka bi ƙwallo da ido ko kaɗan, shi kaɗai za ka kalla, musamman minti biyar na farko bayan hutun rabin lokaci, sa'ad da kocin ɗaya ɓangaren ya gama tsara yadda zai toshe shi. Ka ƙirga sau nawa aka wuce shi, sau nawa ya tsaya yana kallo bayan ya ba da fasin. Ka dawo min da abin da ka ƙirga, sai mu zauna a kansa.